Gidajen zanen zamani da makarantun gwamnati: wa zai ci gaba da koyar da yaran bayan bas ta mayar da su?

A 1975 birnin New York ya kusa tsiyacewa, asusun birnin ya bushe har biyan albashi ya nemi gagara, aka sallami dubban malaman makarantun gwamnati, kuma kamar yadda aka saba a ko'ina in za a rage ma'aikata ba a fara taɓa malamin lissafi ko na Turanci, malamin zane da na kiɗa su ake fara cewa su tafi gida. Dama tun kafin nan an fara zaftare darussan, shi ya sa a 1970 wata mata mai suna Natalie Lieberman ta kafa wani shiri na tura masu zane cikin azuzuwan firamare, shirin da yanzu yake ƙarƙashin gidan zane na Guggenheim da sunan Learning Through Art. A 1977 kuma Agnes Gund, wadda daga baya ta shugabanci babban gidan zanen zamani na MoMA, ta kafa Studio in a School bayan ta karanta a jarida cewa darasin zane ya kusa ɓacewa gaba ɗaya daga makarantun gwamnatin birnin.

Na fara da wannan tarihin ne saboda duk wanda yake son ya gane haɗin gwiwar da ake yi tsakanin gidajen adana zanen zamani da makarantun gwamnati sai ya san daga ina abin ya taso. Ba wai an zauna ne lokacin da kuɗi suka yi yawa aka ce bari a ƙara wa yara wani abu mai kyau a kan wanda suke da shi ba, a'a, giɓi aka samu, gwamnati ta janye hannunta, masu hali da gidajen zane suka shigo don su toshe. Kuma ni dai a ganina har yau wannan asalin yana bin abin duk inda ya je, da alherinsa da matsalarsa.

Shi kansa haɗin gwiwar ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda bai wuce ziyarar yini ɗaya ba, a ɗebo aji guda a bas a zagaya da su na awa ɗaya a mayar da su. Akwai wanda gidan zanen ke turo mai zane cikin makaranta duk mako, irin na Guggenheim ɗin nan inda mai zanen yake shafe makonni 20 tare da malamin ajin, suna haɗa aikin hannun da darasin da yaran suke kai ko na kimiyya ne ko na tarihi, a tsakani a kai su gidan zanen su gani da idonsu, ƙarshen shekara kuma a zaɓi wasu ayyukan yaran a rataye su a bangon Guggenheim ɗin kansa, iyaye su zo su gani. Akwai kuma wanda ba yaran ake nufa kai tsaye ba, malamansu ake horarwa. Ƙungiyar gidajen tarihi da na zane ta Amurka tana cewa ɗalibai na kai ziyara kusan sau miliyan 55 a shekara cikin tawagar makaranta, kuma gidajen na kashe sama da dala biliyan 2 kan harkar ilimi, to kaga ba ƙaramar harka ba ce.

Tambayar da kowane hedimasta zai fara yi ita ce, wai ziyarar nan tana da wani amfani kuwa ko dai yawon buɗe ido ne kawai da ɓata ranar karatu? An daɗe ba wanda ke da amsa mai ƙarfi, saboda makarantun da ke kai yaransu gidan zane galibi dama makarantun masu hali ne, in ka ga yaransu sun fi iya magana da tunani ba za ka iya cewa ziyarar ce ta jawo ba. Sai da aka buɗe Crystal Bridges a garin Bentonville na jihar Arkansas a watan Nuwamban 2011 sannan dama ta samu. Alice Walton ce ta gina shi, 'yar mai kamfanin Walmart, a yankin da ba a taɓa samun babban gidan zane ba, sai makarantu suka yi ca, a zango biyu na farko kawai an samu takardun neman ziyara 525 masu ɗauke da ɗalibai 38,347, gidan kuma ba zai iya ɗaukarsu duka a lokaci ɗaya ba. Sai wasu masu bincike na Jami'ar Arkansas, Jay Greene da Brian Kisida da Daniel Bowen, suka ce to a yi ƙuri'a mana. Aka riƙa haɗa makarantu masu kama da juna, ƙuri'a ta zaɓi wadda za ta je yanzu da wadda za ta jira, ta haka duk bambancin da aka gani daga baya ba za a ce na kuɗin iyaye ne ko na unguwa ba.

Bayan kamar mako uku da ziyarar suka bi yaran makarantunsu, ɗalibai 10,912 a makarantu 123, suka ba su tambayoyi, sannan suka nuna musu wani zanen da ba su taɓa gani ba na wani mai zane na wannan zamanin Bo Bartlett suka ce kowa ya rubuta abin da yake ganin yana faruwa a ciki da dalilinsa. Yaran da suka je ziyara sun fi lura da ƙananan abubuwa, sun fi kawo hujja, sun fi haƙuri da ra'ayin da ya saɓa da nasu. Gaskiya ƙarin ba wani mai yawa ba ne in an haɗa yaran gaba ɗaya, awa ɗaya ce fa da zane kamar biyar, amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarin ya ninka sau biyu a makarantun da talakawa suka fi yawa, a makarantun karkara kuma ya ninka sama da sau uku. Wato yaron da babu mai kai shi irin wannan wuri in ba makaranta ba shi ne ya fi ƙaruwa. Sun kuma raba wa duka yaran, waɗanda suka je da waɗanda ba su je ba, takardar shiga wani baje koli na musamman kyauta su da iyalansu, aka sa wa takardun alama, sai aka ga waɗanda makaranta ta taɓa kai wa sun fi sauran dawowa da ƙafarsu da kashi 18 cikin 100.

Akwai wani abu a labarin nan da mutane ke tsallakewa in suna ambatonsa. Crystal Bridges ba ƙofa kawai ya buɗe ya ce shiga kyauta ne ba. Shi yake biyan kuɗin bas, ya ba yaran abincin rana, har ma ya biya kuɗin malamin wucin gadi da zai riƙe sauran azuzuwan malamin da ya raka yara. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin makarantar gwamnati ya san a nan gizo ke saƙar, ba tikiti ne ke hana zuwa ba, mota ce da mai da abinci da wanda zai tsare ajin da aka bari. Gidan zanen da ya ce ƙofarmu a buɗe take ga kowa amma bai yi maganar mota ba, to makarantun da ke kusa da shi da na masu kuɗi kaɗai ya gayyata.

To in an kai yaran me ake yi da su a gaban zanen? Nan ma akwai tarihi. Philip Yenawine shi ne shugaban sashen ilimi na MoMA daga 1983 zuwa 1993, a ƙarshen shekarun 1980 masu kula da gidan suka tambaye shi ko mutane na ƙaruwa da duk laccocin da bayanan da sashensa ke yi, ya gayyato wata masaniyar halayyar ɗan adam Abigail Housen ta bincika, sakamakon bai yi daɗi ba, mutane suna jin daɗin bayanin a lokacin amma ba su riƙe kusan komai ba bayan sun fita. Housen ta riga ta daɗe tana nazarin yadda mutane ke kallon zane, ta gano cewa sabon mai kallo ba sunan mai zane ko shekarar da aka yi ko salon da aka bi ne ke damunsa ba, labari yake nema a ciki, yana danganta abin da ya gani da rayuwarsa. Daga nan su biyun suka fito da hanyar da ake kira Visual Thinking Strategies, a taƙaice VTS, wato koyar da tunani ta hanyar kallon zane da tambayoyi uku, wadda yanzu ake amfani da ita a makarantu da gidajen zane a ƙasashe da dama.

Yadda ake yi shi ne, malama za ta tsayar da yara a gaban zane ko ta haska shi a bangon aji, ta ce kowa ya yi shiru ya kalla na ɗan lokaci, sannan ta tambaya, me ke faruwa a hoton nan? A ce wani yaro ya ɗaga hannu ya ce matar nan fushi take yi. Malamar ba za ta ce daidai ne ko kuskure ne ba, za ta nuna matar da yatsa don kowa ya kalli wuri ɗaya, ta maimaita maganar yaron da kalmomi masu tsabta, sannan ta ce me ka gani da ya sa ka faɗi haka? Yanzu dole yaron ya koma cikin hoton ya nemo hujja, ya ce ai ta juya baya kuma ta dunƙule hannu. Sai malamar ta ce, me kuma za mu iya ganowa? Wata yarinya ta ce ni ina ganin ba fushi ba ne, tsoro take ji, duba yadda take leƙen ƙofa. Malamar ta haɗa maganganun biyu, ta ce wane ya ga fushi saboda hannun, wance ta ga tsoro saboda ƙofar, duka biyun suna kan tebur. Minti goma sha biyar ko ashirin ana haka, yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba saboda tsoron kada ya faɗi ba daidai ba a yi masa dariya sai ka ga ya yi magana, don a nan ba a riga an ɓoye wata amsa ɗaya a littafin malam ba.

Tambaya ta biyun nan ita ce ƙashin bayan abin, me ka gani da ya sa ka faɗi haka. Yaron da ya saba jin ta yana shekara takwas zai girma ya san cewa magana tana buƙatar hujja, kuma mutum biyu za su iya kallon abu ɗaya su saɓa ba tare da ɗaya ya zama maƙiyin ɗaya ba. Wallahi in ka duba yadda muke musu a intanet yau za ka san darajar wannan tarbiyyar. Amma a lura da yadda aka tsara ta a makarantu, darasi ne kamar goma a shekara, kuma malamin ajin ne ke jagoranta bayan an horar da shi, ziyarar gidan zanen tana zuwa ne a matsayin ɗaya daga ciki. Wato mutanen da suka fito daga cikin gidan zane da kansu sun gane cewa aikin ba zai yiwu a ziyara ɗaya ba, sai an miƙa shi hannun wanda yake tare da yaran kullum.

Hanyar tana da masu suka kuma suna da gaskiyarsu. In kullum yaro zai faɗi abin da ya gani ne kawai ba a taɓa gaya masa wa ya yi zanen ba, a ina, cikin wane hali, to an bar shi da rabin ilimi, sannan kallo daban yin abu da hannu daban. A Birazil, Ana Mae Barbosa wadda ta shugabanci gidan zanen zamani na Jami'ar Sao Paulo daga 1987 zuwa 1993 ta kawo tsari mai ƙafa uku, yaro ya karanta zanen da idonsa, ya san tarihi da yanayin da ya haife shi, sannan shi ma ya yi nasa. Ƙafa ta ukun nan ita ce gidan zane ba ya iya bayarwa a awa ɗaya. Iya riƙe fensir, haɗa kala, yanka da manna, ɓata aiki a sake daga farko, wannan sai da maimaici mako bayan mako, da ɗaki, da kayan aiki, da malamin da ya san cewa wane yana da hannu amma ba shi da haƙuri, wance kuma tana tsoron fara aiki.

Wani wurin da nake ganin masu goyon bayan abin suna cutar kansu shi ne in suka ce a kai yara gidan zane don makinsu na jarrabawa ya ƙaru. Tun da aka sa hannu kan dokar ilimi ta No Child Left Behind a Amurka a 2002, wadda ta ɗaure makomar makaranta da makin karatu da lissafi, makarantu suka riƙa rage lokacin zane da ziyarce-ziyarce, su kuma gidajen zane suka koma magana da yaren jarrabawa don a saurare su. Binciken da aka yi kan shirin Guggenheim wanda ya fito a 2006 ya nuna yaran aji uku da ke cikin shirin sun fi takwarorinsu iya tattauna zane da ma rubutaccen labari, amma makinsu a jarrabawar Turanci ta birnin bai nuna wani bambanci ba. A Houston ma, Bowen da Kisida sun sake yin irin binciken ƙuri'ar nan a makarantu 42 da ɗalibai 10,548, inda aka ƙara wa makarantu kusan dala 15 kan kowane yaro a shekara don haɗin gwiwa da ƙungiyoyin fasaha iri-iri, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna laifukan da ake hukunta yara a kai sun ragu, rubutunsu ya inganta, tausayin juna ya ƙaru, amma lissafi da karatu da kimiyya ba su motsa ba. To a faɗi gaskiya mana. Amfanin yana nan kuma babba ne, sai dai ba a takardar lissafi za a gan shi ba, duk wanda ya yi alkawarin a can zai fito ranar da bai fito ba an samu dalilin soke shirin kenan.

Su gidajen zanen ma ba don Allah kawai suke yi ba, kuma wannan ba zargi ba ne. A Amurka matsayinsu na waɗanda ba sa biyan haraji ya rataya ne kan cewa suna ilmantar da jama'a, masu ba da tallafi suna son jin adadin yaran da aka kai, sannan yaron yau shi ne mai ziyarar gobe. Matsalar ita ce in adadi ake nema, ziyarar awa ɗaya ta yara dubu goma ta fi kyau a rahoto a kan zaman makonni 20 da yara ɗari biyu, alhali na biyun ne ke barin abu a hannun yaro. Sannan sashen ilimi shi ne mafi rauni a cikin gidan. A watan Afrilun 2020 da cutar korona ta rufe komai, MoMA, gidan da dukiyar ajiyarsa ta haura dala biliyan 1, ya soke kwantiragin duka malamansa masu aikin wucin gadi da saƙon imel, wato mutanen da ke tsayawa da yaran makaranta a gaban zane. Makarantar da ta jingina darasin zanenta gaba ɗaya da irin wannan gida ta wayi gari ba ta da komai, kuma ba ta da inda za ta kai ƙara, domin ba haƙƙinta ba ne dama, kyauta ce ake ba ta.

Kuma kyautar ba ta isa ko'ina daidai. A 2014 mai binciken kuɗi na birnin New York Scott Stringer ya fitar da rahoto, kashi 28 cikin 100 na makarantun gwamnatin birnin ba su da cikakken malamin fasaha mai takardar shaida ko ɗaya, kashi 20 ba su da ko na wucin gadi, kuma sama da kashi 42 na waɗannan suna Kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, unguwannin talakawa, a birnin da ke da MoMA da Guggenheim da Whitney, bayan sama da shekara arba'in ana haɗin gwiwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haɗin gwiwa yana buƙatar mutum a cikin makarantar da zai cike fom, ya kira waya, ya nemi bas, ya karɓo sa hannun iyaye, ya shirya yaran kafin tafiya ya kuma ɗora a kai bayan an dawo, kuma wannan mutumin kusan kullum malamin zane ne. Makarantar da ba ta da shi ita ta fi buƙatar gidan zanen, ita ce kuma ba ta da hannun da za ta miƙa. Bayan rahoton ne gwamnatin birnin ta ware ƙarin dala miliyan 23 don ilimin fasaha, wani ɓangare na ɗaukar malamai.

Ingila ma ta nuna wannan fuska biyun a lokaci guda. A watan Nuwamban 2019 gidan Tate Britain ya buɗe aikin Steve McQueen mai suna Year 3, hotunan aji 3,128 na yara 76,146 'yan shekara bakwai zuwa takwas daga makarantun firamare 1,504 na Landan, aka lulluɓe bangon babban zauren da fuskokinsu, aka riƙa kawo azuzuwan suna neman kansu a bango. Abu ne mai kyau ƙwarai, yaron da ya ga hotonsa a irin wannan wuri ba zai ƙara jin cewa ba gidan irinsu ba ne. Amma a daidai wannan lokacin, tun da aka kawo ma'aunin EBacc a 2010 don auna makarantun sakandare da wasu darussa ban da na fasaha, masu ɗaukar darussan fasaha a jarrabawar GCSE ta 'yan sakandare suna ta raguwa, ƙungiyar Cultural Learning Alliance ta lissafa raguwar da kusan kashi 42 cikin 100. Ziyara irin wannan kamar abincin sallah ce, ana murna da ita kuma ya kamata a yi, amma tuwon kullum ne ke raya yaro.

Me ya sa ake maganar zanen zamani musamman ba tsoffin zane ba? Domin mai shi yana raye, yaro zai iya tambayarsa, kuma kayan da yake aiki da su sau da yawa yaron ya san su. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, da murafun kwalabe yake saƙa manyan ayyukansa masu kama da zani. Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda Tate Modern ta yi wa babban baje koli a 2013, daga rubutun Larabci da allon makarantar mahaifinsa hannunsa ya taso. Yaron da ya ga wannan zai gane fasaha ba sai da fenti mai tsada ba. Sai dai zanen zamani kan taɓo tsiraici da addini da siyasa, kuma iyaye suna da haƙƙin su san abin da za a nuna wa 'ya'yansu. A 2006 a garin Frisco na jihar Texas wata malamar zane ta rasa aikinta bayan ta kai 'yan aji biyar gidan zane na Dallas wani daga iyaye ya yi ƙorafin ɗansa ya ga tsiraici, hukumar makarantar ta ce dalilan aiki ne, ita kuma ta ce ziyarar ce. Ko ma wanne ne, malamar ce abin ya faɗa wa ba gidan zanen ba. Shi ya sa ya kamata malami ya riga yaran zuwa, ya zaga da ma'aikatan gidan su zaɓi ɗakunan da za a shiga tare, a kuma sanar da iyaye a fili. Amanar iyaye in ta karye sau ɗaya, shekaru za a yi ba a sake barin yaro ya hau bas ɗin ba.

A nahiyarmu abin ya ɗauki wani salo daban, don ba wasu tsoffin gidaje masu dukiya ne ke neman yara ba, mutane ne ke gina wurin tun farko da yaran a zuciya. A Kwatano, gidauniyar Zinsou da aka buɗe a 2005 ta sa shiga kyauta sannan ta tanadi bas ɗinta da ke zuwa makarantu ta ɗauko yara, a 2013 ta buɗe wani gidan a Ouidah. A Tamale ta arewacin Ghana kuwa, garin da Hausa ke yawo a kasuwanninsa da zangonsa, Ibrahim Mahama wanda duniya ta san shi da lulluɓe gine-gine da tsoffin buhunan koko da gawayi ya ɗauki kuɗin da yake samu daga sayar da ayyukansa ya gina cibiyar fasahar zamani mai suna SCCA a 2019, sannan Red Clay a 2020, ya sayo tsoffin jiragen sama da suka daina tashi aka jawo su ta hanyar mota har arewa aka girke su a fili, aka mayar da cikinsu wurin darasi. Ka yi tunanin yaron ƙauye da bai taɓa kusantar jirgi ba yau ga shi zaune a ciki ana tambayarsa me ya gani. Wannan aiki ne da ya cancanci jinjina, kuma raunin da ke cikinsa shi ne irin na sauran, ya rataya a wuyan mutum ɗaya da kasuwar ayyukansa a Turai da Amurka.

Mu a Najeriya darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, amma a makarantun gwamnati da yawa abin da ake yi shi ne malam ya rubuta ma'anar kala da ire-irenta a allo yara su kwafa su haddace, a ci jarrabawa ba a taɓa kala da hannu ba. Alhali Zariya ce ta haifi ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka canza fuskar zanen zamani a ƙasar, kuma har yau sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye ɗalibai yana baje ayyukansu, ga zanen bangon gidaje da zayyanar allo da aikin marina da dukawa a cikin garuruwanmu. Tambayoyi ukun can na VTS ba sa buƙatar gini mai na'urar sanyaya ɗaki, malamin da aka horar da hoto ɗaya mai kyau sun isa a fara, amma malamin dole ya kasance yana nan, da albashinsa, da lokacinsa a jadawalin mako.

Jihar Kalifoniya ta gwada ɗaure wannan da doka. A watan Nuwamban 2022 masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ake kira Proposition 28, wanda ke ware kusan dala biliyan 1 duk shekara don fasaha da kiɗa a makarantun gwamnati, kuma dokar ta ce a manyan gundumomi aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin a ɗauki ma'aikatan koyarwa da su, ragowar ne za a kashe kan horo da kayan aiki da haɗin gwiwa da gidajen fasaha, makarantun talakawa kuma kasonsu ya fi yawa. Ta kuma ce kuɗin ƙari ne a kan abin da ake kashewa da, ba madadinsa ba, kuma a kan wannan sharaɗin ne aka fi samun rigima, har a 2025 wanda ya jagoranci kawo dokar, Austin Beutner, tare da wasu iyalai suka maka hukumar makarantun Los Angeles a kotu suna zargin ta yi amfani da sabon kuɗin ta maye gurbin tsohon, hukumar kuma ta ce ta bi doka.